Haraji, gado da asusun gwamnati: Hujjojin 'yan libatariya a ma'aunin Khartoum

Tun bayan da sojojin Sudan suka ƙwace birnin Khartoum daga hannun dakarun RSF a watan Maris na 2025, mutane ke ta komawa unguwanninsu a Khartoum da Omdurman. Da yawa sun tarar an yashe gidajensu, famfo babu ruwa, an kwashe wayoyin lantarki, makarantu da asibitoci kuma sun zama kufai.

Tambayar da ke gaban kowa ita ce wa zai biya kuɗin gyara. Hukumomi na buƙatar haraji domin su tsaya da ƙafafunsu. Ɗan kasuwar da aka wawushe wa shago kuwa yana ganin bai kamata a zo masa da takardar haraji ba alhali ko jari bai mayar ba.

Akwai wata mazhabar tunani da ta daɗe tana ba wannan tambaya amsa mai zafi. Mabiyanta, waɗanda ake kira 'yan libatariya, na cewa yawancin haraji ƙwace ne da aka yi wa rigar doka, harajin gado ya fi kowane muni, kuma ayyuka da dama da gwamnati ke yi mutane za su iya yi wa kansu. Hausawan Sudan, da na zango-zangon Ghana da Kamaru da Chadi, suna da dalilin sanin waɗannan hujjoji, domin galibinsu 'yan kasuwa ne da manoma da masu sana'ar hannu, waɗanda mai karɓar haraji ya fi saurin isa gare su, aikin gwamnati kuma ya fi jinkirin zuwa unguwanninsu.

Su wane ne 'yan libatariya?

Tushen ra'ayin shi ne kowane mutum shi ke da kansa, shi ke da guminsa, kuma abin da ya samu ta halal nasa ne. Ana danganta farkonsa ga masanin Ingila John Locke, wanda ya rubuta a ƙarshen ƙarni na 17 cewa an kafa hukuma ne don ta kare rai da 'yanci da dukiya. A Faransa, Frédéric Bastiat ya wallafa wani ɗan littafi kan doka a 1850, inda ya nuna cewa doka kan iya zama makamin da wasu ke ƙwace dukiyar wasu da shi.

A ƙarni na 20 ra'ayin ya yi ƙarfi a Amurka ta hannun masana irin su Friedrich Hayek da Milton Friedman da Murray Rothbard da Robert Nozick. Ba bakinsu ɗaya ba. Rothbard na ganin ba a buƙatar gwamnati sam. Nozick ya amince da ƙaramar gwamnati mai riƙe da soja da 'yan sanda da kotu kawai. Friedman ya fi su sassauci, har ya ba da shawarar a riƙa ba matalauta kuɗi kai tsaye maimakon a rage farashin kaya ga kowa.

A yau fitaccen mai wannan ra'ayi a kan mulki shi ne Javier Milei, wanda ya zama shugaban Ajantina a watan Disamba na 2023, ya kuma rage ma'aikatun gwamnati daga 18 zuwa 9 da hawansa.

Hujjoji uku kan haraji

Hujja ta farko ta shafi haƙƙi. A littafinsa na 1974, Nozick ya kamanta harajin albashi da aikin tilas. Lissafinsa shi ne idan mutum na aiki kwana biyar a mako, hukuma kuma ta karɓi kashi ɗaya cikin biyar na abin da ya samu, to yini guda ya yi wa wani aiki ba da son ransa ba.

Ya kuma kawo misalin wani shahararren ɗan ƙwallon kwando. Idan aka mayar da misalin Omdurman, sai a ce wani ɗan wasan Al-Hilal ko Al-Merrikh ne ya sa sharaɗin cewa duk mai son kallonsa ya ƙara ɗan kuɗi a kan tikiti. Dubban mutane suka biya da yardarsu, ya zama attajiri. A wajen Nozick babu wanda aka zalunta a nan, don haka babu hujjar hukuma ta ƙwace wani abu da sunan daidaita arziki.

Hujja ta biyu ta shafi aiki da sani. Hayek ya ce babu wani ofishi da zai san buƙatun miliyoyin mutane fiye da yadda farashin kasuwa ke bayyana su. Friedman ya ƙara da cewa mutum ya fi tattali idan kuɗinsa yake kashewa a kan kansa, ya fi sakaci idan kuɗin wani yake kashewa a kan wani, kuma wannan na ƙarshe shi ne halin jami'in gwamnati.

Hujja ta uku ta girmi dukkansu. Ibn Khaldun, a Muƙaddimarsa ta 1377, ya lura cewa a farkon daula haraji kaɗan ne amma abin da ake tarawa da yawa, a ƙarshenta kuwa haraji ya yi nauyi abin da ake tarawa ya ragu, saboda manoma da 'yan kasuwa sun karaya. Shugaban Amurka Ronald Reagan ya ambaci sunansa a 1981 lokacin da yake kare shirinsa na rage haraji.

Bishiyar da ta ba Alshajara suna

Tarihin Sudan ya ba hujja ta uku shaida tun kafin a san wata kalma libatariya. Bayan da sojojin Muhammad Ali na Masar suka ci ƙasar a 1820 zuwa 1821, sabbin masu mulki sun ɗora haraji mai nauyi na kuɗi da dabbobi da bayi. A 1822 sarkin Shendi, Mek Nimr, ya ƙone Isma'il Pasha, ɗan Muhammad Ali, bayan ya nemi a biya shi abin da ya fi ƙarfin mutanen garin. Ramuwar da ta biyo baya da tsananin karɓar haraji sun sa manoman bakin kogin Nilu suka watsar da gonaki suka gudu.

Mahu Bey, wanda ya riƙe mulkin ƙasar na ɗan lokaci daga 1825, ya rage haraji ya kuma taka wa sojoji birki domin mutane su dawo gonakinsu. Wata babbar bishiya a kudancin Khartoum, a gefen Farin Nilu, ta ɗauki sunansa, daga baya Turawa suka riƙa kiranta bishiyar Gordon. Daga ita ne unguwar Alshajara ta samo suna, domin ma'anar kalmar a Larabci ita ce bishiya.

Sassaucin bai ɗore ba. Ƙorafin haraji da wulaƙancin masu karɓarsa na cikin manyan abubuwan da suka tara wa Mahdi Muhammad Ahmad jama'a daga 1881. Da Khartoum ta faɗa hannunsa a watan Janairu na 1885, an soke harajin Turkawa aka koma ga zakka da ushiri da ganima, ana tara su a baitulmali. Har yau akwai unguwa a Omdurman mai suna Beit al-Mal. Sai dai a zamanin magajinsa, Khalifa Abdullahi, yaƙe-yaƙe da yunwar 1889 sun sa sabuwar hukumar ita ma ta shiga karɓar hatsi da dukiya da ƙarfi.

Hausawa ba baƙi ba ne ga irin wannan labari. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a littafinsa Kitabul Farƙ, ya lissafa jangali da wasu kuɗaɗen da sarakunan Hausa ke ƙaƙaba wa talakawa cikin abubuwan da ya kira zalunci. Jam'iyyar NEPU ta Malam Aminu Kano ta yi shekaru tana yaƙi da haraji da jangali, kuma a 1979 gwamnonin PRP, Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna, suka soke su. A Nijar, zanga-zangar tsadar rayuwa ta 2005 ta taso ne bayan an ɗora harajin TVA na kashi 19 cikin 100 a kan kayan masarufi.

Bambancin shi ne babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya ce a rushe hukuma. Abin da suka nema shi ne a karɓa bisa ƙa'ida, a kuma kashe a inda ya dace.

Inda hujjar ta yi ƙarfi a Sudan ta yau

Sudan na cikin ƙasashen da gwamnati ke tara haraji mafi ƙaranci a duniya. Shekaru da dama kafin yaƙi, abin da ake tarawa bai kai kashi 10 cikin 100 na arzikin da ƙasar ke samarwa a shekara ba. Duk da haka talaka na jin nauyinsa, saboda yawancinsa a jikin kaya yake. An shigo da harajin sayen kaya, wanda ake kira VAT a Najeriya, TVA a Nijar, a shekarar 2000 a kan kashi 10 cikin 100, daga baya ya kai kashi 17. Mai sayar da agashe da babban ɗan kwangila kuɗi ɗaya suke biya a kan kaya iri ɗaya.

Bayan wannan akwai kuɗaɗen ƙananan hukumomi da na shingayen hanya, waɗanda 'yan Sudan ke kira jibayat. Mata masu sayar da shayi a titunan Khartoum sun daɗe suna fama da samamen jami'ai da ake kira kasha, inda ake kwashe musu kujeru da tukwane sai sun biya tara. Awadeya Mahmoud Koko, wadda ta haɗa irin waɗannan mata cikin ƙungiyoyin gama kai, ta samu lambar yabo daga Amurka a 2016 saboda wannan gwagwarmaya.

Manyan kuɗaɗen kuwa ta wata hanya suke bi. A zamanin Umar al-Bashir an san wata al'ada da ake kira tajnib, wato ma'aikata ko hukuma ta tara kuɗi ta ajiye a asusunta ba tare da sun shiga baitulmali ba. Rundunar soja da hukumomin tsaro sun mallaki kamfanoni masu yawa. A watan Agusta na 2020 firaminista Abdalla Hamdok ya bayyana cewa ƙasa da kashi ɗaya cikin biyar na dukiyar hukuma ne kawai ke ƙarƙashin ma'aikatar kuɗi. Zinare, wanda ya zama babban abin da ƙasar ke fitarwa bayan ɓallewar Sudan ta Kudu da kusan kashi uku cikin huɗu na man fetur a 2011, mai yawa daga cikinsa ta ɓarauniyar hanya yake fita.

Da kuɗin shiga ya gaza, gwamnati ta koma buga kuɗi. Friedman ya kira hauhawar farashi harajin da ake karɓa ba tare da majalisa ta yi doka ba, kuma 'yan Sudan sun ɗanɗana shi. A watan Yuli na 2021 hauhawar farashi ta haura kashi 400 cikin 100. Duk wanda ya ajiye fam a gida ko a adashe ya wayi gari kuɗinsa ya zama takarda.

A nan 'yan libatariya na da abin faɗa, kuma da wuya a musa musu. Hukumar da ta ƙwace bankuna da kamfanoni a 1970 a zamanin Ja'afar Numeiri, ta kuma yi doka a wannan shekarar cewa duk filin da ba a yi wa rajista ba na gwamnati ne, ita ce daga baya ta sayar da kadarorin ga na kusa da ita a shekarun 1990.

Amma maganin da suke bayarwa shi ma yana da ɗaci. Janye tallafin mai a watan Satumba na 2013 ya jawo zanga-zangar da ƙungiyoyin kare haƙƙin bil'adama suka ce an kashe kusan mutum 200 a cikinta. Ƙarin kuɗin burodi daga fam ɗaya zuwa uku ne ya tayar da boren Atbara a watan Disamba na 2018, wanda ya kai ga faɗuwar al-Bashir a ranar 11 ga Afrilu, 2019. Gwamnatin riƙon ƙwarya ta janye tallafin mai gaba ɗaya a 2021, ta kawo shirin Samarat na ba iyalai dala biyar ga kowane mutum a wata, irin shawarar Friedman. Juyin mulkin 25 ga Oktoba, 2021 ya sa masu ba da kuɗin suka dakatar, aka bar talaka da tsada babu tallafi.

Rigimar gado

A kan gado ne hujjar ta fi taɓa zuciya. 'Yan libatariya na cewa dukiyar mamaci an riga an biya mata haraji lokacin da yake tara ta, don haka karɓar wani abu bayan rasuwarsa biya biyu ne. Suna kuma cewa harajin na hukunta mai tattali, ya bar almubazzari. Wanda ya cinye dukiyarsa a raye ba a karɓar masa komai, wanda ya hana kansa don 'ya'yansa shi ake cirewa. Friedman ya tambaya me ya sa ake yarda yaro ya gaji murya ko basira daga iyayensa amma a ga laifin ya gaji kuɗi.

Masu suka na amsawa cewa magaji bai yi gumin komai ba, kuma idan dukiya na taruwa a gidaje ƙalilan daga kaka zuwa jika, to gasar da 'yan kasuwar 'yanci ke yabo ta zama tsere tsakanin mai doki da mai ƙafa. Attajirin Amurka Andrew Carnegie ya goyi bayan harajin gado mai nauyi tun 1889. Nozick kansa, a wani littafi na 1989, ya sassauta, ya ba da shawarar mutum ya bar wa magada abin da shi ya tara, ban da abin da shi ma ya gada.

Ƙasashe sun rabu a kan batun. A Faransa kowane ɗa na da rangwamen yuro 100,000, abin da ya haura ana cire masa haraji da kan kai kashi 45 cikin 100. A Birtaniya kashi 40 ne a kan abin da ya haura fam 325,000. Suwidin ta soke nata a ƙarshen 2004. Najeriya ta kafa irin wannan haraji a 1979 ta soke shi a 1996, kuma a muhawarar sabbin dokokin haraji da shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yuni na 2025, fargabar dawo da shi ta sa jami'ai suka yi ta bayanin cewa babu shi a ciki.

Ga Musulmin Sudan, dokar iyali ta 1991 ce ke tafiyar da rabon gado bisa shari'a. Ana fara cire kuɗin jana'iza, sai bashi, sai wasiyya wadda ba ta wuce sulusi, sannan a raba saura. A ɗauka mutum ya rasu ya bar fam miliyan 120 bayan an cire waɗannan, yana da mata ɗaya da mahaifiya da 'ya'ya maza biyu da mace ɗaya. Matar na da tumuni, miliyan 15. Mahaifiyar na da sudusi, miliyan 20. Sauran miliyan 85 na 'ya'ya ne, kowane namiji 34, macen 17.

Wannan tsari ya yi daidai da 'yan libatariya ta fuska ɗaya, ya saɓa musu ta wata. Hukuma ba ta da kaso matuƙar akwai magada, kuma Shehu Usmanu ya sanya ƙwace dukiyar mamaci da sarakuna ke yi cikin jerin zaluncin da ya lissafa. Amma mai dukiya ba shi da ikon ba wanda ya ga dama duka, ko ya hana wani ɗansa, alhali wannan iko shi ne ginshiƙin ra'ayin libatariya. Saboda rabon na tarwatsa dukiya tsakanin mutane da yawa a kowane zamani, yana yin wani ɓangare na aikin da Turawa ke nema da harajin gado.

Zakka a hannun hukuma

Sudan na cikin ƙasashe ƙalilan da hukuma ke karɓar zakka da ƙarfin doka. An fara da asusun sa-kai a 1980. A 1984 Numeiri ya mayar da ita tilas ya haɗe ta da haraji, har ya soke wasu haraji da zaton zakka za ta cike gurbinsu, lissafin da bai fita ba. An raba su a 1986, aka sake dokar a 1990 da 2001. Hukumar da ake kira Diwan al-Zakat na karɓa daga amfanin gona da dabbobi da kayan kasuwanci, har da albashin da ya kai nisabi.

Ɗan kasuwa Musulmi a kasuwar Omdurman kan ce yana biya sau biyu, zakka da haraji. Wasu kuma sun daɗe suna ƙorafin cewa sun fi sanin mabuƙatan unguwarsu fiye da jami'in da ke ofis, wanda shi ne ainihin hujjar Hayek. Masu kare tsarin na cewa idan aka bar wa kowa, masu rowa za su zame, matalaucin da ba shi da attajiri a danginsa kuma ya tashi a tutar babu. A wannan gaɓa ra'ayin libatariya ba ya samun wurin zama sosai, domin a fahimtar Musulunci kason matalauci haƙƙi ne da ke cikin dukiyar, mai ita ba alfarma yake yi ba.

Da gwamnati ta ɓace

Yaƙin da ya ɓarke a ranar 15 ga Afrilu, 2023 ya gwada tambayar da masana ke yi a takarda, wato me zai faru idan babu gwamnati. Hukumomi suka koma Port Sudan. Alshajara, inda hedikwatar rundunar tankokin yaƙi take, ta zama fagen daga, aka yi mata ƙawanya na tsawon watanni, musamman bayan ƙazamin faɗan watan Agusta na 2023. Fiye da mutum miliyan 10 suka bar gidajensu a faɗin ƙasar.

Abin da ya ceci rayuka da dama a Khartoum da Omdurman shi ne taimakon kai da kai. Matasa suka kafa ɗakunan agajin gaggawa a unguwanni, suka buɗe wuraren dafa abinci na jama'a da ake kira takaya, sunan da aka aro daga zawiyoyin Sufaye. Tushen abin shi ne al'adar nafir, wadda Bahaushe ya sani da gayya. 'Yan uwa da ke Saudiyya da ƙasashen Gulf da Turai suka riƙa turo kuɗi ta manhajar Bankak. A 2025 waɗannan ɗakunan agaji suka samu lambobin yabo na Rafto da Right Livelihood.

Ɗan libatariya zai ce ga shaida nan, mutane sun ciyar da juna ba tare da an tilasta kowa ba, kuma da arha fiye da yadda kowace ma'aikata za ta yi. Akwai gaskiya a ciki.

Sai dai akwai sauran labarin. Da gwamnatin Donald Trump ta dakatar da agajin ƙasashen waje a watan Janairu na 2025, ɗaruruwan takaya suka rufe, abin da ya nuna wani kaso mai tsoka na kuɗin tukunyar harajin mutanen wata ƙasa ne. Gayya ta iya dafa wake da lentil, amma ba ta iya tayar da tashoshin ruwa irin na Alshajara da Beit al-Mal, ko gyara tashar lantarki ba. Da hare-haren jirage marasa matuƙa suka katse wuta a watan Mayu na 2025, ruwan famfo ya tsaya, mutane suka koma shan na kogi, kwalara ta ɓarke a jihar Khartoum.

Haraji ma bai ɓace ba, masu karɓa ne suka sauya. A yankunan da RSF ta riƙe, mutane sun biya a shingaye domin su wuce, an kwashe motoci da zinaren mata, an zauna a gidajen mutane. Babu rasit, babu kotun da za a kai ƙara.

Wannan ne ya sa masu suka, irin su Liam Murphy da Thomas Nagel a littafinsu na 2002, ke cewa kuskure ne a ɗauka akwai wata dukiya da mutum ke da ita kafin haraji. Gida na zama na mutum ne saboda akwai ofishin rajistar filaye da alƙali da ɗan sanda, kuma da haraji ake biyan su. Nozick bai musa buƙatar waɗannan ba. Gardamarsa ita ce a tsaya a kansu kawai.

Abin da ya shafi Hausawa

Hausawa sun daɗe a Sudan ta hanyar aikin hajji, kuma sun ƙaru bayan yaƙin Burmi na 1903, lokacin da Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya jagoranci jama'a suka kafa garin Maiurno a bakin Shuɗin Nilu. Guminsu na cikin abin da ya raya gonakin audugar Gezira tun daga 1925. Duk da haka, batun takardar zama ɗan ƙasa da mallakar fili bai daina binsu ba. A 2022 rikicin fili da sarauta tsakanin Hausawa da wasu ƙabilu a jihar Blue Nile ya ci ɗaruruwan rayuka a watannin Yuli da Oktoba, har Hausawa suka yi zanga-zanga a Khartoum da Kassala da wasu garuruwa suna neman hukuma ta kare su.

Ga al'ummar da ke cikin irin wannan hali, kowane ɓangare na muhawarar na da abin da ya faɗa daidai. 'Yan libatariya sun yi gaskiya cewa hukuma mai ikon ƙwace fili da buga kuɗi yadda ta ga dama ta fi cutar da marar gata. Masu sukarsu sun yi gaskiya cewa idan hukuma ta janye, mai bindiga da mai yawan dangi ne ke cin kasuwa, 'yan tsiraru kuma su ne farkon shan wuya. Nozick ma ya yarda cewa ƙa'idarsa na aiki ne idan an samu dukiyar ta hanyar adalci tun farko, kuma abin da aka ƙwace sai an mayar. A Khartoum ta bayan yaƙi, wannan sharaɗi kaɗai babban aiki ne da ke buƙatar kotuna masu ƙarfi.

A aikace, iyalai da yawa da suka dawo na fuskantar rabon gadon waɗanda suka rasu a yaƙi ko a gudun hijira, magada sun warwatsu tsakanin Masar da Chadi da Sudan ta Kudu, takardun gida kuma sun ƙone ko sun ɓata. Kafin a raba komai sai an samu shaidar rasuwa, kotu ta tabbatar da magada, ofishin filaye kuma ya tabbatar da mallaka. Iyalin da gidansu ba shi da rajista tun asali, kamar yadda yake a unguwannin bayan gari da dama, su ne suka fi shiga haɗari, musamman zawarawa da marayu.

Shi ya sa masu bin al'amuran tattalin arzikin Sudan suka fi mayar da hankali kan wasu tambayoyi da suka wuce yawan haraji ko ƙarancinsa. Shin kamfanonin soja da masu haƙar zinare za su biya kamar yadda mai shago ke biya? Shin duk abin da aka karɓa zai shiga asusu ɗaya da majalisa za ta iya bincika? Shin za a ɗaga wa waɗanda aka wawushe ƙafa har su farfaɗo, kamar yadda Mahu Bey ya yi shekaru 200 da suka wuce? Amsoshin waɗannan ne za su nuna ko mazauna Alshajara da Mayo da Umbadda za su ɗauki takardar haraji a matsayin kuɗin ruwa da makaranta, ko kuwa wani sabon shinge ne da aka kafa musu a hanya.